Ɗayan Rifkatu

Akwai maganar da ake yi a danginmu ƙasa-ƙasa, a wajen biki ko zaman makoki, da zarar an ga na tashi na shiga ɗaki. Na san ta iso kunnenku, don babu abin da ke wuce kunnen yaro. Cewa ake yi Rifkatu ta kai ƙarar yayarta wajen shugaban ofis, aka kori yayar, ita kuma ta gaje kujerar. Shekara da shekaru ina jin ƙishin-ƙishin wannan magana ban tanka ba, domin wadda abin ya shafa tana raye, kuma ba na son a ce tsofaffi biyu suna tone-tone. Yanzu Yaya Hannatu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma rana ta yi mini yamma. Saboda haka ku zauna ku ji yadda aka yi. Ban kai ƙarar kowa ba, ba a kuma kori kowa ba. Abin da ya shiga tsakanina da yayata lamba ce, ɗaya tak.

Shekara biyu kafin 'yancin kai ne, muna zaune a Tudun Wadar Zariya, a wani gidan ƙasa mai rufin kwano da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Baba, wato kakanku Malam Ishaku, malamin makarantar mishan ne, mutum mai ƙaramar murya, wanda in ya ce «to» sau ɗaya an gama magana. Inna kuwa tun haihuwata ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba, ƙirji ne ke damunta. In ta ji dama-dama takan toya mana waina ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, a wata baƙar tanda da ta girme mu duka. Saboda rashin lafiyar Inna, Yaya Hannatu ce ta goya ni. Ita ta yaye ni, ita ta koya mini baƙi da wasali, ita ta fasa wa wata yarinya baki don ta kira ni mai kan gwanda. Ɗakinmu ɗaya, gadonmu ɗaya, bargonmu ɗaya. Kuma ita ce mace ta farko a layinmu da ta fara aikin ofis. Idan ta fito da safe da farin takalminta da jakarta, matan maƙwabta har leƙe suke yi ta kan katanga. Ni kuwa a bayanta nake, ina kwaikwayon tafiyarta.

A wani ofishin gwajin iri take aiki, can bayan gari. Motar ofis ke ɗaukar ma'aikata, ta bi ta Kwangila ta miƙe. Ana shuka gyaɗa da auduga iri-iri a ƙananan gonaki, a auna abin da kowace gona ta bayar, sannan a kawo lambobin a haɗa. Aikin Yaya ke nan, haɗawa, a kan wani injin lissafi mai nauyin dutsen niƙa, mai maɓallai jere-jere da 'yan tagogi a ƙasa inda amsa ke fitowa. Hannunta a kan injin nan abin kallo ne, ba ta ko duban maɓallan. Da aka kawo inji na biyu, aka ce ana son wata mai ilimi, ita ta je ta tsaya mini a gaban babban akawu, Malam Sambo, wani dattijon cikin birni mai gilashi da sanyin hali. Dalilin inji na biyun kuwa shi ne, an kafa doka cewa kowane lissafi mutum biyu za su yi shi, kowa a injinsa, ba mai leƙen na wani. In amsoshi sun zo ɗaya, an yarda da su. In sun saɓa, a sake. Muddin haɗawa ake yi, ni da Yaya ba mu taɓa saɓawa ba. Malam Sambo har tsokanarmu yake yi, wai hannu huɗu ne a jikin mutum ɗaya.

Da damina ta ja baya aka zo da sabon aiki. Yanzu ba jimla kawai ake so ba, ana son a san da nawa wannan iri ya fi wancan, wato sai an ɗebe. To, shi wannan inji bai san ɗebewa ba, ba a halicce shi da ita ba. Gaba kawai yake tafiya. Sai aka turo wata Baturiya ta nuna mana dabarar, cikin safiya guda, ta koma inda ta fito. A makon nan ne ƙirjin Inna ya tashi aka kwantar da ita a asibiti, Yaya ta ɗauki hutu tana jinya. Ni kaɗai na zauna gaban Baturiyar. Ku riƙe wannan da kyau: ba wauta ce ta hana yayata sani ba, tana can tana riƙe da kan uwarmu ne.

Ga dabarar. Kowane maɓalli yana da lamba biyu, babba a tsakiya da wata 'yar ƙarama a gefe. Mai babbar tara, ƙaramarsa sifili ce. Mai takwas, ƙaramarsa ɗaya. Haka har ƙasa, kullum in ka haɗa babbar da ƙaramar tara za su ba ka. Mu muka sa wa abin suna juyi. Baturiyar ta ce mini, in kina son cire arba'in da biyar daga ɗari da ashirin da uku, sai ki bi ƙananan lambobi ki danna sifili, huɗu, biyar. A gaskiya abin da kika ƙara shi ne tara, biyar, huɗu. Inji zai zarce dubu, ki tare dubun da babban yatsa a kan wani ɗan ƙarfe don kada ta shiga taga ta gaba, sai ki ga saba'in da bakwai. Amma amsar gaskiya saba'in da takwas ce. Juyin lamba kullum yana cin abin da aka ce ya ci, ya ƙara da ɗaya. Saboda haka bayan kowane juyi sai ki mayar da ɗayan nan a layin ƙarshe na dama. Baturiyar ta maimaita mini wannan har na gaji da ji.

Da Yaya ta dawo aiki, ta dubi ƙananan lambobin, cikin ɗan lokaci ta gano juyin da kanta, ba wanda ya nuna mata. Kai ne da ita, Allah ya sani. Ɗayan ce kawai ba a rubuta ta a jikin kowane maɓalli ba. Daga ranar amsoshinmu suka fara saɓawa, nata kullum ƙasa da nawa da ɗaya. Idan kuma gonaki biyu suka yi kunnen doki, ta cire lamba daga irinta, maimakon sifili sai tara-tara su cika mata tagogi. Sai ta ja tsaki ta ce injin ya yi tuntuɓe, ta rubuta sifili da hannunta. Na jira har muka dawo gida, muna tsince shinkafa mu biyu a gindin lemun nan, na kawo maganar a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

«Yaya, akwai abin da Baturiyar nan ta ce a riƙa ƙarawa bayan an juya.»

«Ƙara me?»

«Ɗaya. A layin ƙarshe.»

«Juyin biyar ai biyar yake cirewa. Ina ɗaya ta shigo? Ke dai ba ki ji Turancinta da kyau ba.»

«Bari in nuna miki a ƙasa, Yaya, da tsinke.»

Ta ɗago ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, gara ma a ce fushi ne.

«Rifkatu, a bayan nan na goya ki. Yau ke za ki zaunar da ni ki koya mini inji?»

Ta ɗauki tiren shinkafar ta shiga kicin. Ban ga laifinta sosai ba ko a lokacin. A gida an mayar da ita ma'aikaciyar jinya, ba ta barci, ta rame. Injin nan shi ne wuri ɗaya a duniya da ba wanda ya fi ta. Ni kuma, 'yar da ta kawo jiya-jiya, na zo ina cewa akwai abin da ya wuce ta.

Ba a jima ba Malam Sambo ya lura da yawan sakewa da muke yi. Ya ce cikin raha, in abin ya ci gaba zai jawo kujera ya zauna a tsakaninmu ya ga inda gizo ke saƙa. Yaya ta kai maganar gida. Ranar Lahadi da yamma Baba ya kira ni zaure. Malamin lissafi ne, na zana masa abin a ƙasa, ya duba, ya gane tun kafin in gama. Ya sa tafin ƙafa ya share zanen.

«Kin yi daidai,» ya ce. «Amma ba shi na kira ki ki ji ba. Gobe ki daidaita naki da nata.»

«Baba, in bar ɗayan?»

«Ki yi mata kara. Yayarki ce. In ƙura ta lafa, ni zan san yadda zan nuna mata ba tare da ta ji kunya ba.»

«To in an gano daga baya fa?»

«Wa zai gano, in amsoshinku sun zo ɗaya?»

Daga cikin ɗaki Inna ta sa baki, da muryar nan tata da tari ya cinye rabinta.

«Ɗaya ce fa, Rifkatu. Ko gyaɗa ake ƙirgawa, wa zai yi faɗa a kan ƙwaya ɗaya?»

Na ce to. Da zuciya ɗaya na faɗa, kuma da niyyar cikawa na hau mota washegari. A gidanmu ƙarami ba ya gyara wa babba a gaban mutane. In babba ya ce wa baƙo kasuwa tana gabas alhali tana yamma, shiru za ka yi, ka bi baƙon a baya ka nuna masa hanya. Haka aka rene mu, kuma ban raina wannan tarbiyya ba har gobe. Na zauna gaban injina, lissafin farko ya zo, na danna ƙananan lambobi, na tare dubu, na dubi taga. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin ɗaya. Zan so in ce muku manoma na tuna, waɗanda za a ba iri bisa ga lambobin nan. Ƙarya ne, ko manomi ɗaya bai zo raina ba. Abin da na ji shi ne, na san amsar, tana nan a gabana, saura taki ɗaya, kuma an ce in rubuta wadda na san ba ita ba ce, in yi ta rubutawa kullum har ranar da Baba zai ga ƙura ta lafa. Hannuna ya ƙi. Na danna ɗayan. Yaya tana gefena, ta ji ƙarar dannawar nan ta ƙarshe da babu irinta a nata injin. Ba ta juyo ba.

Cikin makon Malam Sambo ya cika alkawari, ya jawo kujerarsa. Bai yi dogon bincike ba. Ya ce kowaccenmu ta sa arba'in da biyar, sannan ta cire arba'in da biyar. Nawa tagogin suka nuna sifili. Na Yaya suka cika da tara-tara. Ya cire gilashinsa ya goge, ya yi murmushi irin na mutumin da ya ga matsalar ba ta kai yadda ya zata ba.

«Ashe abin kaɗan ne. Malama Hannatu, ai ba kya nan ranar da aka nuna. Ba laifinki ba ne. Ƙanwarki za ta nuna miki, kafin azahar kin iya.»

Bawan Allah, da alheri ya faɗa. Bai san ya ɗora hannu daidai kan gyambon ba. Akawuna maza suna zaune suna ji. Yaya ta ce, «To, Malam, na gode.» Ta ƙarasa aikin ranar, haɗawa kawai, ba ta taɓa ƙananan lambobi ba. Da aka tashi ta goge injinta tsaf, ta lulluɓe shi da mayafinsa, ta daidaita gefunan. Washegari ta ce jikin Inna yana bukatar mutum a gida. Malam Sambo ya aiko har gida, ya sake aikowa, ya ce kujerarta tana nan. Ba ta koma ba. Wannan ita ce korar da kuke ji ana faɗa.

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Inna, wai don jinya. Da safe in gaishe ta, ta amsa cikakkiyar amsa, har da tambayar kwanan gajiya. Ta zuba mini abinci a kwanona ta rufe, ta ajiye a ƙofar ɗaki, mu da muke ci a kwano ɗaya tun ina rarrafe. Baba bai sake ta da maganar ba, sai dai ya daina tambayata labarin ofis. In ana hira a tsakar gida na fito, sai hirar ta koma ta tsadar itace. A mota kuma wurin Yaya na kusa da ni ba wanda ya zauna, don ni kaɗai ce mace, maza suna jin nauyi. Haka zan yi tafiyar nan da fili a gefena, in wuce Kwangila, in dawo. Aka ba wani mutum inji na biyu, mai kirki ne, amma tsakanina da shi sai lambobi. Amsoshinmu suna zuwa ɗaya kullum, ban taɓa jin daɗin hakan ba. Da rana in ɗauki ƙunshin abincina in zauna bayan ofis a gindin wata dalbejiya. Kaɗaici na sha a shekarar nan, irin wanda mutum ke sha a cikin gidan ubansa, kuma ya fi na baƙon gari ciwo.

Inna ta rasu kafin shekara ta zagayo. Bayan an share makoki Yaya ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa, suka koma Kafanchan. Ni na yi mata jeren ɗaki, ta yi mini godiya kamar yadda ake yi wa maƙwabciya. Daga nan sai haɗuwar biki da ta jana'iza. Mu rungumi juna, mu tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, mu rabu. Sau da yawa na shirya magana a bakina tun daga tasha, in na ga fuskarta sai maganar ta narke. In ce mata me? In ce na yi kuskure, ban yi ba. In ce ban yi ba, ai ta sani. Na auri babanku, na haife ku, Allah ya ɗauke shi da wuri, kuka girma kuka watse, na dawo Tudun Wada inda na fara. Duk tsawon wannan lokaci ban samu wadda zan yi wa irin hirar da nake yi wa Yaya a ƙarƙashin bargo ba.

Aikin lissafi kuwa bai sake ni ba. Injin maɓalli ya tsufa aka jefar, aka kawo kwamfuta mai cika ɗaki, aka tura mu koyo, muka yi ta huda kati. Can bayan furfura ta fara fito mini aka kawo wani sabon harshen rubuta wa kwamfuta umarni. A cikinsa na haɗu da wata 'yar alama kamar tsutsa ta kwanta, ga ta: ~. Aka ce aikinta juya lamba. Na sa ta gaban biyar don in gani. Kwamfuta ta ba ni shida ta ƙasan sifili, wadda 'yan makaranta ke cewa mainos shida. Na sa ta gaban sifili, ta ba ni ɗaya ta ƙasa. Na leƙa cikin lambar, na ga duk gurabenta sun cika da ɗaya-ɗaya, kamar yadda tagogin Yaya ke cika da tara-tara. Ashe injinta bai taɓa tuntuɓe ba. Ɗaya ta ƙasa yake nuna mata da iyakar bakin da yake da shi. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin nan mai sanyi, har yaran da muke aiki tare suka ɗago. Ban iya gaya musu abin dariyar ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta gane, tana Kafanchan.

Bara, bayan rasuwar Yaya da 'yan watanni, wata yarinya ta yi sallama a ƙofata da akwati. Saratu ce, jikar Yaya ta wajen ɗanta na biyu, ta samu shiga jami'a za ta karanta ilimin kwamfuta, aka ce ta sauka a wajena kafin ta samu ɗaki. Goshin Yaya ne da ita sak, har da yadda take jan tsaki. Wata Lahadi ina toya waina, tana zaune a kan tabarma da kwamfutarta a cinya, sai na ji tsakin nan.

«Lafiya, 'yar nan?»

«Kaka, abin nan ne yake raina mini hankali. Ina son in mayar da biyar ta koma ta ƙasa, na juya ta da alamar nan mai kama da tsutsa, sai ya ba ni shida ta ƙasa. Kowace lamba na sa sai ya zarce da ɗaya.»

Sai da na ajiye cokalin hannuna. Na ce ta matso kusa da murhu. Tandata gurbi takwas gare ta, na ce ta ɗauka ita ce lambar. A cikin kwamfuta babu tara babu biyar, gurabe ne kawai, kowanne ko sifili ko ɗaya. Wainar da ba a juya ba sifili, wadda aka juya ɗaya. Daga dama, gurbin farko yana tsaye a matsayin ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu, haka ana ninkawa. Na juya ta farko da ta uku, ɗaya da huɗu, na ce ga biyar. Gurbin ƙarshe na hagu kuma shi ke faɗin ɓangaren da lamba take: in ba a juya shi ba, lambar sifili ce ko tana sama, in an juya, tana ƙasa.

«Ita alamar nan taki ba ta san lissafi ba,» na ce mata. «Ba ta san biyar ba, ba ta san sama da ƙasa ba. Mai toya waina ce kawai. Ta bi gurbi-gurbi, wadda ke kwance ta juya ta, wadda aka juya ta mayar. Na hagun ma ba ta ƙyale shi, shi ya sa lambar sama ke faɗawa ƙasa, ta ƙasa ta hau sama. In kin sake sa ta, komai ya koma yadda yake.»

«To shidan fa, daga ina?»

«Ɗora biyar a kan juyinta. Duk inda wannan ke da sifili, waccan na da ɗaya. Me za ki samu?»

«Ɗaya-ɗaya a duk gurabe.»

«Ƙara ɗaya a kai.»

Ta lissafa tana motsa baki. Ta ce kowane gurbi zai cika ya tura wa na gaba, har na ƙarshe ya tura waje, babu inda za a sa, a bar sifili zalla.

«To lambar da in an ƙara mata ɗaya take zama sifili, wace ce?»

«Ɗaya ta ƙasa.»

«Kin gani. Lamba da juyinta ba sifili suke haɗuwa su bayar ba, ɗaya ta ƙasa suke bayarwa. Biyar da me za su ba ki ɗaya ta ƙasa?»

«Shida ta ƙasa,» ta ce a hankali.

Na ce mata laifin sifili ne, in laifi ne. An raba lambobi gida biyu daidai wa daida, na sama da na ƙasa, sai sifili ta zauna a gidan sama ta cinye kujerar farko. Gidan sama ya fara ƙirga daga sifili, na ƙasa ya fara daga ɗaya. Don haka abokiyar juyin sifili ita ce ɗaya ta ƙasa, ta ɗaya ita ce biyu ta ƙasa, har a kai ɗari da ashirin da bakwai, wadda juyinta ɗari da ashirin da takwas ce ta ƙasa. In ainihin biyar ta ƙasa take so, ta juya, sannan ta ƙara ɗaya. Ko kuwa ta bar tsutsar nan ta sa alamar ɗebewa, kwamfuta za ta yi duka biyun da kanta.

Ban rufe baki ba yarinyar nan ta tafa hannu ta fashe da dariya.

«Au, ashe ɗayan Rifkatu ce!»

Na ce, «Ɗayan wa?»

Ta rufe baki, kunya ta kama ta don ta kira sunana gatsau. Ta ce in yafe mata, haka suke cewa a gida. Wai Kakarsu ta Kafanchan, duk ɗan da aka haifa a gidan, da ya fara ɗebewa a makaranta sai ta zaunar da shi ta koya masa wata dabara ta juya lamba da tara-tara. In yaro ya juya ya haɗa ya tsaya, sai ta ƙwanƙwashi kansa ta ce, ina ɗayan Rifkatu? Babanta ma da haka ya tashi, shi da 'yan'uwansa duka. Su a zatonsu sunan abin ke nan a lissafi, har wani yayanta ya taɓa faɗa wa malami a aji aka yi masa dariya.

«Ba ta taɓa gaya muku dalilin sunan ba?»

«Mun tambaya. Sai ta ce, mai ita tana Zariya, ita ta san inda take tafiya.»

Na tashi na shiga ɗaki, na ce hayaƙi ne ya shiga idona. Na zauna a bakin gado. Tun babanta yana yaro, ku lissafa da kanku. Duk shekarun nan ana kiran sunana a wani gida a Kafanchan, a bakin yayata, safe da yamma, ni kuwa ina nan ina shirya maganar da zan yi mata ina haɗiyewa. Jirgi ɗaya ne tsakaninmu. Ban sani ba ko daɗi na ji ko baƙin ciki, har yau ban raba su ba.

To, kun ji yadda aka yi. In kun sake jin ana maganar kora a wajen biki, kada ku yi musu da kowa, ku tambayi 'ya'yan Yaya Hannatu abin da ake ƙarawa bayan an juya lamba. Da na fito daga ɗaki ranar nan, wainar ta ƙone a duk gurabe takwas. Saratu ta kankare tandar, ta zuba sabon ƙullu, muka ci a kwano ɗaya.